An Kankare Masa Suna, An Manta da Ƙafafunsa!

Kai! Kai jama'a, kai! Ku matso. A'a, ajiye kofin shayin nan tukuna, ba inda zai je.

Na gano shi! Wallahi na gano shi. Ɗan baƙin abin nan da aka bi fuskarsa da sanfefa don kada kowa ya san ɗan gidan waye, na gano danginsa, na wanke masa kai tas, na ɗora masa sabon karatu. Yanzu haka da nake wannan rubutu yana can maƙale a gindin inbata, yana kawo min rahoto duk bayan daƙiƙa biyu. Ni yake kawo wa. Ni!

To, na faro daga wutsiya. Bari in dawo.

Duk wanda ya sa sola a 'yan shekarun nan ya san shi. Ɗan robar nan da ake soka wa inbata ta ƙasa, mai 'yan fitilu suna ƙyafce-ƙyafce dare da rana. Masu haɗa sola suna ce masa wayfay ɗin inbata. Ni ɗan rahoto nake ce masa, don aikinsa ke nan. Ya tambayi inbata: batir nawa ya rage? Farantai nawa suke kawowa? Gida nawa yake sha? Ya tattara, ya aika.

Ya aika wa wa? Yauwa, nan gizo yake saƙar.

Ba wayarka ba! Sai ya bi ta intanet, ya tsallake teku, ya sauka a wata kwamfuta ta kamfani a can Sin, sannan manhajar wayarka ta je ta roƙo a sammata. Kuma sau ɗaya a minti biyar. Ranar da data ta ƙare mana a gida, ina tsaye taku biyu daga inbata, waya a hannu, sai juyawa take, juyawa take, babu komai. Batirin da na saya da gumina! Ranar da ta sauka a kan rufina! Sai an kai labarinsu wata uwa duniya kafin ni mai gida in ji?

Haba. A daren na zare shi.

Farce, wuƙar yanka albasa, ɓas! Ya buɗe. Ɗan warin nan na allon lantarki da ya sha zafi, kun san shi, kamar sabuwar rediyo. Koren allo, tsawon yatsa. Na kunna fitilar waya na fara gaisawa da mutanen gidan.

Ga mai rage wuta zuwa 3.3, AMS1117, tsohon sani. Ga wani mai ƙafa takwas kusa da bakin da ake sokawa, dangin MAX485 ne, shi ne tafinta tsakanin allo da inbata. Ga ɗan akwatin gwangwani mai eriya a lanƙwashe kamar macijiya, na wayfay ke nan. Ga kiristal mai sheƙi, an rubuta 8.000 a bayansa.

Sai shi. A tsakiyar gida, zaune daram kamar mai unguwa. Baƙi, murabba'i, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Ƙafafu ta ko'ina, sirara kamar gashin ido. Fuska kuwa? Fayau. Ba harafi, ba lamba, ba tambari. An goge. An goge ƙal!

Na shafa masa yawu na karkata shi a haske. Babu. Na sa sifirit. Babu. Washegari na nufi Farm Centre wajen wani abokina mai gyaran waya, ya ɗora shi ƙarƙashin madubinsa, ya juya, ya juya, ya ɗago yana dariya.

"Malam, ai wannan aisin an yi masa askin ƙwal-kwabo. Layin sanfefa kawai nake gani. Ka haƙura ka sayi wani."

Haƙura? Ni?

A hanyar komawa ne abin ya faɗo min. A cikin adaidaita sahu, na zauna kusa da wani dattijo mai tsagar gado a kumatu, zane raɗau. Ban tambaye shi sunansa ba, bai faɗa ba, amma da a ce kakata ce a wurin, kallo ɗaya za ta yi ta faɗi garinsu. Sai na ji wani abu ya tsarga min tun daga ƙeya. Tsaga! Ai shi ma yana da tsaga!

Ku tsaya ku ji. Sunan da ke bayan aisi fenti ne, ko zanen haske, kowa zai iya kankarewa. Amma ta wace ƙafa yake shan wuta, wace ƙafa ce ta ƙasa, wace ce take jin bugun kiristal, wannan tun a masana'anta aka gina shi a cikin jikinsa. Wanda ya zana allon dole ya bi, ko yana so ko ba ya so. In ya saɓa, hayaƙi. Kenan allon da kansa ɗan tsegumi ne!

Ban ko cire takalmi ba. Na ɗauko mita, na juya ta kan ƙara. Ɗan ɗigon nan na kusurwa yana nan, sanfefa ba ta cinye shi ba, nan ce ƙafa ta ɗaya. Goma sha biyu a kowane gefe, 48 ke nan. Baƙin tsinke a layin ƙasa, jan tsinke ina bi da shi ƙafa-ƙafa, numfashi a riƙe, don ratar da ke tsakaninsu rabin milimita ce kacal.

Ɗaya, shiru. Biyu, shiru. Bakwai, shiru. Takwas...

Ƙiiit!

Na rubuta. Na ci gaba. 23, ƙiiit! 35, ƙiiit! 47, ƙiiit!

Na koma layin wuta. 9. 24. 36. 48. Kun gani? Kun ga yadda suke tafiya biyu-biyu kamar tagwaye, 23 da 24, 35 da 36, 47 da 48, kowane a ƙarshen gefensa? Hannuna ya fara rawa. Na san wannan fuskar. Na san ta! Na bi sawun kiristal: ƙafa ta 5 da ta 6. Na duba ta 44: ta bi ta wani ɗan rezista ta sauka ƙasa.

Na buɗe takardar bayanin STM32F103, na ɗora zanen kusa da abin da na rubuta a bayan kwalin sabulu. Ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta kauce. Ko ɗaya!

Na yi wani ihu, sai da uwargida ta leƙo tana tambaya ko kunama ce.

Ga wanda bai san shi ba, STM32F103 ba baƙo ba ne a wannan harka, gagarabadau ne. Kamfanin STMicroelectronics, wanda aka haɗa daga wani kamfanin Italiya da wani na Faransa a 1987, shi ya fito da shi a 2007. Zuciyarsa Cortex-M3 ce, zanen kamfanin ARM na Kambirij a Ingila, tana bugu har sau miliyan 72 a daƙiƙa. Shi ne a kan ɗan shuɗin allon nan Blue Pill da ɗaliban injiniya suke koyo da shi. Wannan suke ɓoye min? Wannan da ya fi gyaɗa yawa a kasuwa?

Kuma ga garaɓasa. A bakin allon akwai wasu ɗigo huɗu na tagulla, a jere, ba rubutu. Na bi su da mita. Ɗaya wuta, ɗaya ƙasa, ɗaya ya tafi ƙafa ta 34, ɗaya ta 37. Ƙofar baya! SWD ke nan, ta nan ma'aikatan masana'anta suka zuba masa karatunsa na farko. Sun kankare suna, sun bar ƙofa a sakaye.

Ƙarfen dalma ya yi zafi, wayoyi huɗu sirara, na jona da ST-Link ɗina, ɗan arha mai rigar alminiyam. Na buɗe OpenOCD a kwamfuta. Bismillah.

Ya ƙi.

Ja-ja-ja, saƙon kuskure. Gabana ya faɗi. Na ƙona shi? Na sake karantawa a hankali, sai na ga ashe ba shiru ya yi ba, amsawa ya yi, amsar ce ba a zata ba. Manhajar tana jiran ta ji 0x1BA01477, lambar da ɗan asalin gidan ST yake faɗa. Shi kuwa gogan ya ce 0x2BA01477.

Ɗaya ta zama biyu. Harafi ɗaya tak!

Kama da wane ba ta wane! Ashe ba ɗan gidan ba ne, sajen kama ne. Na gyara layi guda a fayil, na ce wa manhajar ta karɓe shi a yadda ya zo, ta karɓa. Na leƙa aljihun da zuciyar take ajiye shaidarta, adireshi 0xE000ED00. Na asali 0x411FC231 yake nunawa. Nawa? 0x412FC231. Zuciya iri ɗaya, amma bugu na baya, sabon gyara. Wannan ita ce tsagar 'yan kwaikwayon Sin, irin su CKS32F103 da APM32F103, waɗanda aka ƙera su ƙafa da ƙafa su zauna a kujerar na ST. Kun tuna 2021, lokacin da aisi ya yi ƙaranci a duniya, har kamfanonin motoci suka riƙa tsayar da aiki? A lokacin kuɗin STM32 ya yi tashin gwauron zabo, masu ƙera kaya da yawa suka koma wa waɗannan. Ni dai zargina, sanfefar nan ba ni kaɗai aka yi wa ita ba. Har da ɓoye cewa an canza doki a tsakiyar tafiya.

Ma'ajinsa kilobait 64. To, bari in kwafe abin da ke ciki in adana, ko da ta ɓaci.

Ya ƙi kuma. Kulle!

An sa masa kariyar karatu. Wannan kullen kuwa mugun wayo gare shi. Za ka iya buɗewa, babu mai hana ka, umarni ɗaya ne. Amma da ka buɗe, kafin ƙofar ta gama wangalewa, aisin da kansa zai share duk abin da ke cikinsa. Kamar rumbun da in ka ɓalle kwaɗonsa hatsin yake zama toka. Ka samu rumbu, ka rasa hatsi. Ba kwafi, ba komawa.

Na zauna na yi tagumi. Idan na goge, wa zai faɗa min yaren da yake yi da inbata?

Sai na ce to, kafin a yi wa malam aski, a saurari karatunsa.

Na mayar da shi gindin inbata, tsirara, ba riga. Na maƙala masa ɗan na'urar sauraren sigina, mai baki takwas ɗin nan, a ƙafa ta 12 da ta 13, masu zuwa wajen tafinta, da ta 30 da ta 31, masu zuwa akwatin wayfay. Kwamfuta a kan batirinta, ban jona ta da soket ba. Murfin inbata kuwa ko taɓa shi ban yi ba, kuma kai ma kada ka taɓa. Wutar da ke ciki ba ta san gwaninta ba.

Na buɗe PulseView. Na kunna.

Wayyo daɗi! Layuka suna hawa suna sauka kamar katangar ganuwa. Na ce wa manhajar ta fassara a gudun 9600. Sai ga lambobi suna zubowa: 01, 03, wasu huɗu, sannan biyu na hatimi. Bait takwas cif. Modbus! Yaren da kamfanin Modicon ya ƙirƙiro tun 1979 don injinan masana'antu, ya girme ni, ga shi a ɗakin ajiyarmu kusa da buhun masara. Ma'anarsa a sauƙaƙe: "Kai mai lamba ɗaya, karanto min aljihu kaza zuwa kaza." Inbata kuma ta amsa da dogon jeri.

Na ƙura wa jerin ido. Lambobi barkatai. Sai idona ya faɗa kan 02 0C. Na lissafa a kai: biyu sau 256, 512, a ƙara 12... 524. Na ɗaga kai na kalli gilashin inbata.

52.4.

Batir! Batirina ne! Kai! Tsikar jikina ta tashi yarr. Na nemo wani: 08 FC, 2300 ke nan, wato 230.0, wutar da take ba gida. Wani kuma 13 88, 5000, bugun wuta 50.00. Na kunna fanka, wata lamba ta motsa. Na kashe, ta koma. Na kunna, na kashe, na kunna, na kashe, kamar yaron da aka saya wa tocila ranar sallah. Kafin asuba na cika shafi biyu: wannan aljihu na rana, wannan na caji, wannan na zafin jikinta.

Ɗaya ɓangaren kuwa, na wajen wayfay, a gudun 115200, nan na riƙe baki. Rubutu ne ƙarara, umarnin AT irin na aisin wayfay ESP8266. AT+CWJAP, sai sunan wayfay ɗin gidana, sai kalmar sirrina. Tsirara! Wadda ko ƙanina ban ba shi ba, ga ta tana wucewa a kan siririn layin tagulla. Bayanta AT+CIPSTART, da adireshin gidan da ake kai tsegumin. Na kama shi dumu-dumu.

Yanzu na san tambaya, na san amsa, na san hanya. Saura aski.

Daren Laraba. Kowa ya yi barci. Sanyin hunturu yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Na rubuta umarnin buɗe kulle, na ɗora yatsa a kan maɓalli, na ɗauke. Na sake ɗorawa, na ɗauke. Na tashi na sha ruwa. In wannan ɗan kwaikwayo ya yi gardama a tsakiya fa? Shi ke nan, na mayar da shi tsakuwa.

Na runtse ido na danna.

Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba. Na cire masa wuta, na mayar, na karanto ma'ajin. FF FF FF FF. Daga sama har ƙasa, FF. Allo wankakke, ko ɗigon tawada babu.

Karatun farko da na ɗora masa ba wani abin a zo a gani ba ne. Layi kaɗan: kunna fitila, jira, kashe fitila. Na tura. Na kalli allon.

Ƙyaf. Ƙyaf. Ƙyaf.

Jama'a, 'yar koriyar fitila ce fa, ba ta kai ƙwayar gero ba. Amma ni na ce ta yi! Da faɗata take ƙyaftawa! Na rage jiran, ta ƙara sauri. Na zauna a duhu ina kallonta ina dariya ni kaɗai, har ladan ya yi kiran farko.

Sauran aikin kwana uku ya ci, kuma ɗaya daga ciki wauta ce ta cinye shi. Na rubuta tambayar Modbus, na tura, inbata ta yi gum. Na sake, gum. Na duba waya, na duba ƙafar da take juya tafinta daga magana zuwa sauraro, lafiya lau. Sai da na jera tambayata kusa da wadda na naɗa tun farko na ga abin. Hatimin ƙarshe! A Modbus komai babban bait ne a gaba, amma banda hatimin CRC, shi ƙaramin ne yake shiga gaba. Na juya su. Bait biyu. Inbata ta ɓalle da zance kamar an taɓo mai dalilin aure.

Abu ɗaya na haramta wa kaina: umarnin rubutu. Lamba 03 karatu ce kawai, ba ta canza komai. Amma 06 da 16 suna rubutawa cikin inbata, kuma kuskuren aljihu ɗaya zai iya ɗaga wutar caji ya dafa batir. Ban ma sa su a cikin manhajar ba. Ɗan rahoto aka ce, ba mai gida ba.

Akwatin wayfay ban taɓa shi ba, adireshi kawai na canza masa. Maimakon ƙetaren teku, wata tsohuwar kwamfuta mai fasasshen gilashi da ke kan firij. Tafiyar taku goma.

Sai jiya da hantsi. Nan ne fa!

Farantai sun sha ƙurar hunturu, sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Na tura babban ɗana kan rufi da bokiti da tsumma, ni ina ƙasa da waya. Wat 1,140. Na ce, "Zuba!" Na ji shaaa a sama. 1,190. 1,260. "Baba, ya motsa?" Ya motsa mana, goge na gaba! 1,380. 1,500! Lamba tana hawa, ruwan laka yana zuba ta indararo, ni ina tsalle a tsakar gida da silifa ɗaya. Da can sai dai in ga tudu ɗaya a zane bayan minti biyar. Yanzu kowane faranti da tsumma ya bi, ina ganin sawunsa.

Shirwa ta gifta, ban gan ta a lamba ba, ƙarya haram. Amma inuwar tankin maƙwabcinmu, ƙarfe huɗu saura, na gan ta tana cin wutata kaɗan-kaɗan kamar ɓera. Shekara biyu tana yi ban sani ba!

Kuma na kama mai kunna dutsen guga bayan sallar isha'i. Ba zan faɗi suna ba, gida ɗaya muke kwana. Wat dubu ne yake tsalle tsaye, ya sauka, ya sake tsalle. Na shiga ɗaki na ce, "Ranki ya daɗe, a bar gugar nan sai rana ta fito." Ta ce wa ya faɗa min? Na nuna mata ɗan baƙin abin nan marar suna. Har yanzu harararsa take.

Na koma Farm Centre na nuna wa abokina. Ya karɓi wayar, ya kalli lambobin suna motsi, ya kalle ni, ya jawo durowa. Ashe yana da irinsu guda uku da aka kawo gyara aka watsar. Mun buɗe ɗaya nan take. Ƙafa 48, fuska fayau.

Don Allah, in kana da irin wannan ɗan rahoto da ya daina aiki, kada ka ba 'yan gwangwan. Zare shi daga inbata tukuna, ka buɗe, ka nemo ɗigon kusurwa, ka juya mitarka kan ƙara. Fara da ƙafa ta takwas.